Shekarar da Soja Suka Yi Mana Shuka

Ruwan shuka ya sauka ran Talata da la'asar, kwanana biyu da zuwa gida daga Dogon Dutsi, inda nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Ƙauyenmu yana can bayan Ɗan Kassari, wajen iyaka. Tun da aka hana hawa babur saboda ƴan bindiga, wanda ya shigo ya shigo ke nan, sai in ya dace da amalanken jaki ran kasuwa.

Da safe muka fita ni da Baba, ina saɓe da sungumi, shi yana rungume da ƙwaryar iri. Geron nan daga hannun kakansa ya zo. Kowace kaka da kansa yake zaɓar zangarniya mafi cika ya rataye a rumbu, kuma ko yunwa za ta kashe mu ba a taɓa ta. Bara ba ta yi kyau ba, abin da ke cikin ƙwaryar nan shi ke nan.

A tsakiyar gona muka tarar da ita: motar sulke mai taya shida, da bindiga a ka, fentinta duk ya koɗe. Ayarin soja ne ya kauce wa hanya don gudun nakiyar da ake binnewa, ya ratsa ta gonaki, ita kuma ta ga babu inda ya dace ta mutu sai gonarmu. Soja bakwai aka bari su tsare ta. Suna raɓe a inuwarta, don gawon gonar ya zubar da ganye kamar yadda ya saba da damina. Sarjan ɗinsu ya ce mini motar ta girme shi, ta gama yaƙin wasu a wata ƙasa kafin a ba su. Ba su shiga cikinta sai dole, zafi kamar tanda. Ƙarfen da ya lalace kuwa sai an nemo daga Dosso, in ma akwai shi. Kafin nan, kada kowa ya matso.

Danshi ba ya jiran makanike. Kwana uku ne, ƙasa ta bushe.

Muna komawa gida Baba ya sa Inna ta dama fura ƙwarya guda. Na ce, "Baba, akwai idanu cikin dajin nan fa."

Ya harare ni. "Lakwal ta ɓata ka. Mutum shi wuni cikin gonata in hana mai hura? Mi za a ce da ni garin ga?"

Raina ya ɓaci, amma ni na ɗauki furar na kai. Washegari ma haka.

A rana ta uku sarjan ya duƙa ya damƙi ƙasa ya murza. Ashe duk ƴaƴan manoma ne, kuma a gidajensu ba a shan furar mutum a zauna ana kallon gonarsa tana bushewa. Ya ce a kawo sungumi. Biyu suka tsaya gadi, biyar suka tuɓe manyan takalma suka shiga layi, ɗaya na sara, saura na jefa iri suna rufewa da ƙafa. Kafin azahar an gama. Baba ya yi ta sa musu albarka. Ni ma da nake ta tsoro, wallahi na yi dariya ranar har da tafi. Bayan mako guda wata babbar mota ta zo ta ja tasu, suka tafi.

Gero ya tsiro layi-layi, gwanin sha'awa. Ana shirin noman farko sai wani mai sayar da gishiri ya iso ƙofar gidanmu, ya ƙi zama, ya ƙi haɗa ido da Baba.

"Malam, aiko ni anka yi, ka gahwarce ni. Mutanen daji sun ce gonar da soja ya shuka ba taka ba ta. Wanda duk ya sa mata hauya, shi hwara gina kabarinai."

Mun je wajen maigari, ya ce haƙuri. Na nemi lambar sarjan, ba ta shiga. Maƙwabta suka daina bi ta gefen gonar, wasu har gaisuwa suka rage mana.

Daga bayan masallaci ana hango ta. Kullum bayan sallar asuba Baba zai tsaya nan, hannu a baya, yana kallon ciyawa tana cinye masa gero. Ni kuma ina tsaye bayansa, don na san halinsa. Na ce mu koma Dogon Dutsi, ya ce sai dai gawarsa. Aka koma lakwal ban koma ba. Na zama mai gadin ubana, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina, ina tsine wa tsohon ƙarfen da ya rasa wurin mutuwa.

Duk da ciyawar, wani geron ya yi kai. Wata safiya na ga Baba ya fito daga ɗaki da wuƙar girbi. Na riga shi ƙofar zaure na tsaya.

"Kauce mani."

"Ba ni kaucewa, Baba."

"Zangarniya guda ɗai, ɗana. Ta iri. In yanke in komo."

Ya nufo ni, na kama wuyan hannunsa. Tunda aka haife ni ban taɓa riƙe shi da ƙarfi ba. Na zaci zai fizge, sai na ji babu komai a hannun sai ƙashi. Wuƙar ta faɗi. Inna tana bakin murhu, ta juya mana baya tana kuka.

Baba ya dube ni, ya ce a hankali, "Su dai aike sunka yi. Kai ne ka hana ni."

Ya koma ɗaki. Tsuntsaye suka gama da gonar cikin kwana goma. Da damina ta zagayo ni na bi gida-gida roƙon iri, don shi ya ce ba ya shuka geron wani.