Kunnen Safiyanu Mai Rediyo

A Birnin Kudu idan ka tambayi Safiyanu mai rediyo, za a nuna maka wata 'yar rumfar langa-langa a bakin titin da ya nufi Gwaram. Shekara talatin da ɗoriya yana nan. Da gyaran rediyo ya fara, ya koma rakoda, yanzu har wayoyi yana taɓawa duk da raina su da yake yi. Amma ba gyaran ne ya yi masa suna ba, kunnensa ne. Za a yi wa'azi a Kiyako ko walimar sauka a Kangire, shi ake ɗaukowa ya saita lasifika. Sai ya tsaya tsakiyar fili, ya karkata kai, ya ce a rage nan a ƙara can, kuma ba mai yi masa musu. Ba shi da gona, ba shi da shanu, bai yi boko ba. Duk ranar da kunnen nan ya ƙi, Safiyanu zai zama tsohon mai gyara kawai, irin waɗanda ake wucewa ba a ko yi musu sallama.

Sai dai mutumin akwai taurin kai. Babur ɗinsa ya sayar, ya tafi Kano ya dawo da hedifon, irin manyan nan da ke rufe kunne ruf, mai raga-raga a bayansa. A cikin akwati yake ajiye shi, naɗe da sabon ƙyalle. Matarsa Azumi ta taɓa goge shi da tsumma, sai da aka kwana biyu ba ya cin tuwonta da daɗin rai.

Mutum ɗaya ne yake zama su yi maganar sauti da shi, Hambali, ma'aikaci a sakatariyar Gwaram, wanda shi ma ciwon son hedifon ya kama. Kuma ba su taɓa shiri a kai ba. Hambali yana son sauti mai nauyi, wanda ganga ke dukan ƙirji.

"Wannan ai daka ne, ba kiɗa ba," in ji Safiyanu. "Ka je gindin turmi mana, kyauta ne. Nawa kuwa, har numfashin mawaƙi kana ji, har gogar yatsa a kan tsirkiyar garaya."

"Naka siriri ne kamar kukan sauro," in ji Hambali.

Haka suke tun shekara biyar, ba wanda ya taɓa cewa ɗan'uwansa ya yi gaskiya.

To, a daminar bara sai ɓangaren hagu na hedifon ɗin ya fara yin ƙasa. Safiyanu ya sauya waya, bai gyaru ba. Ya zargi rakoda, ya zargi danshi, ya shanya shi a inuwa. Ya hau mota har Kano, mai shagon da ya sayar masa ya saka ya saurara, ya ce shi bai ji komai ba, lafiyarsa ƙalau. Safiyanu ya wanke shi tas, ya ce da ma wanda ya saba sayar da caja ina ya san sauti.

A gida Azumi ta gaji. "Malam, sau uku fa na kira ka daga madafa."

"Ke ce kike magana ciki-ciki."

A wata walima a Kangire ya sa aka yi ta ƙara lasifikar hagu har mata suka toshe kunnuwa, jarirai suka ɓarke da kuka. Da mai gidan ya zo da ladabi ya ce ko za a ɗan rage, Safiyanu ya ce mutanen yanzu ba su san daidai ba. Wallahi abin haushi, kowa ya ga inda matsalar take ban da mai ita.

Ƙarshe dai ya yi abin da ya rantse ba zai taɓa yi ba, ya kwance hedifon ɗin. Tunda hagu ta ƙi tashi, sai ya rage wa dama ƙarfi. Ya yini yana liƙa dalma, ya saka ya ji, ya cire ya ƙara, har ɓangarorin biyu suka yi masa daidai. Daɗi ya kama shi. Ranar kasuwar Gwaram ya ɗauki akwatinsa ya shiga bas, don ya nuna wa Hambali cewa ya gyara abin da Turawan da suka ƙera ma suka kasa.

Suna zaune a zauren Hambali bayan la'asar, Hambali ya saka, nan take ya yamutsa fuska.

"Malam Safiyanu, me ka yi wa abin nan? Dama ta mutu gaba ɗaya."

"Kunnenka ne daka ya lalata."

Hambali ya ɗauko nasa hedifon ya ɗora masa a ka. Safiyanu ya saurara, ya yi tsaki.

"Naka ma hagunsa ta tafi. Kayan yanzu duk jabu ne."

"Haba Malam! Don girman Allah juya shi. Mayar da na hagu dama."

Safiyanu ya juya shi, don kawai ya ƙaryata shi. Ya saurara. Ya sake juyawa. Ya sake. Ko ta ina ya saka, kunnensa na hagun dai ne ba ya ji sosai. Ya cire a hankali ya ajiye a tabarma, ya zuba wa nasa ido, wanda ya ɓata da hannunsa. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske.

Hambali ya sassauta murya, ya ce a je asibiti, wataƙila abin da za a wanke ne kawai. Safiyanu ya ce zai je. Sannan ya matso kusa.

"Hambali, jibi akwai ɗaurin aure a gidan Alhaji Yahuza, ni zan saita lasifika. Ka zo ka tsaya kusa da ni. Idan ka ji na ce a ƙara kuma bai kamata ba, ka taka min ƙafa."

"Ni? Mai kunnen daka?"

"Kai ɗin," in ji Safiyanu. "Amma ka taka a hankali, kada kowa ya gani."