Lokacin da Yatsuna Suka Ƙi Allura

Shekara biyu bayan ƙaddamar da Shari'a a Katsina yatsuna suka fara yi mini gardama. Ɗinkin hula nake yi a gidanmu na Daura, maigidana kuma yana koyarwa a Islamiyya. In na tashi alwalar asuba sai buta ta gagare ni ɗauka. Gaɓoɓin sun kumbura sun sandare, ba sa saki sai hantsi.

Surukata ta ce sanyin ƙashi ne, ta aiko mini da saiwoyi daga Sandamu. Wata maƙwabciya kuma ta raɗa mini cewa hannu aka sa mini, har ta ambaci wata mai ɗinkin hula a layinmu. Ban ce na yarda ba, amma na daina shiga gidan matar. Damina biyu ina shan jiƙo ba sauƙi.

Daga baya maigidana ya kai ni asibiti a Kano. Likitar 'yar Zangon Daura ce, tun daga gaisuwa ta gane daga inda muka fito. Bayan gwajin jini ta zaunar da mu.

"Malama, ba wanda ya yi miki komai," in ji ta. "Garkuwar jikinki ce take yaƙarki. A cikin jini akwai ƙwayoyin halitta masu kare mu daga cuta. Wasu kaɗan daga cikinsu aikinsu tsawatar wa sauran, kada su taɓa jikin mai su. To su masu tsawatarwar, sai wani sinadari ya iso musu kamar saƙo kafin su yi ƙarfi. In saƙon ya yi ƙaranci, ko ba su karɓe shi daidai ba, sai su raunana, mayaƙan su auka wa gaɓoɓi."

Maigidana ya ce, "Likita, wa ke aika saƙon?"

"Galibi mayaƙan ne da kansu."

Ya jima yana kallon hannuna, sannan ya ce, "Ikon Allah."

Ta gaya mini gaskiya cewa ciwon ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi. Ta rubuta ƙwaya, sau ɗaya a mako, da gwajin jini lokaci-lokaci.

Washegarin dawowarmu na ƙulla goro na shiga gidan matar nan mai ɗinkin hula. Na faɗa mata abin da na zarge ta da shi, na roƙi gafara. Ta share ido da gefen mayafi, ta ce, "Yaya, ai na lura. Allah ya yafe mana." Sai ta jawo mini tabarma.

Bayan wata uku kumburin ya sauka. Yanzu da hantsi nake ɗaukar allura, bayan na jiƙa hannu a ruwan ɗumi. Hular da a da nake gamawa a mako biyu yanzu tana cin wata guda, kuma zanen ya fi fita. Ran da yatsun suka ƙi, matar nan da na zarga ce take zura mini zare, mu zauna a inuwar darbejiya muna hira har azahar.