Jak a Madadin Ɗan Maraɗi

A wani gidan gona a bayan Riyad, ni da wani ɗan Maraɗi muke kula da ciyawa. Idan wuƙar ƙaramar taraktar yankan ciyawa ta dakushe, shi ke ɗaga gabanta ya tokare da katako, ni in shige ƙarƙashi, muna ta hira.

Da ikamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare ya koma gida, na roƙi kafilinmu, mai gidan da ya ɗauke mu aiki, ya kawo wani. Sai ya sayo jak.

"Wannan ya fi mutum aminci," in ji shi.

Gaskiyarsa ce, jak ɗin bai taɓa gocewa ba. Wata rana ina kwance ƙarƙashin taraktar na ce, "Miƙo sifana." Na jima da hannu a miƙe kafin in jawo jiki in ɗauko da kaina.