Ƙarfen da Wanzami Ya Cire

Ɗana na fari ya dawo daga yaƙin basasa da ƙafafunsa biyu. Ina faɗin haka ne domin yaran garinmu Farin Dutse na yanzu suna zaton a can kudu ya baro ɗayar. Da idona na ga ya shigo gida da jakar soja a kafaɗa, yana ɗan ɗingishi kamar wanda ƙaya ta soka. Ban yi masa sannu ba, tunda ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗi. Na dai shiga ɗaki na dama fura na aika masa.

Sai daga baya muka ji labarin ɗingishin. Bam ne ya fashe kusa da shi, wani guntun ƙarfe ya shige masa cinyar hagu. A daji aka ɗaure wurin, fata ta rufe, ƙarfen ya zauna a ciki. Da aka sallame su, cewa aka yi lafiyarsa ƙalau. Shi ma haka ya ɗauka. Ya koma gona, ya yi shekaru yana noman gero da gyaɗa tare da mahaifinsa, sai dai in hadari ya haɗu ka ga yana shafa wurin.

A lokacin ina zuwa makarantar yaƙi da jahilci da yamma, mu ne tsofaffin ajin. Malamarmu ce ta fara gaya mini cewa ta ji a rediyo gwamnati za ta kula da tsofaffin sojojin da suka ji rauni a yaƙi: magani kyauta, aiki kyauta, wanda ya nakasa a ba shi abin da zai riƙe kansa. Amma sai likitocin soja sun zauna sun duba mutum tukuna. Na kawo labarin gida, na gaya wa Malam, maigidana, shi kuma ya gaya wa yaron. Muka zauna jiran ranar da za a kira su. Aka ce bayan salla. Salla ta wuce aka ce bayan girbi. Girbi ya wuce, rani ya wuce, ruwa ya sake sauka.

Cikin daminar nan cinyar ta kumbura. Ta yi sheƙi, ta yi zafi har ta hana shi sa wando. Zazzaɓi ya kwantar da shi daidai lokacin maimai, ga ciyawa tana cin gona. Ina jin nishinsa ta katanga. Na ce wa Malam ko za a ƙara haƙuri, tunda an ce likitocin suna tafe.

Ya ce, "Tun yaushe suke tafe? Ko da ƙafa suka taso daga Ikko ai sun iso. Ke kina da takarda a kai, ni ina da ɗa a kwance."

Ban ga ƙarya a abin da ya faɗa ba.

Wanzamin gidanmu aka kira, wanda ya cire wa yaron beli yana jariri, ya yi masa kaciya. Mutumin kirki ne, hannunsa da sauƙi. Ya fara da ƙaho, ya tsattsaga fatar kewaye da kumburin ya zuƙe mataccen jini. Da bai sauka ba, ya dawo ya yi sakiya: ya sa ƙarfe a wuta ya huda wurin, mugunya ta yi ta zuba. Sannan ya bi da yatsa da bakin aska har ya zaro abin. Baƙi ne, mai kaifin gefe, bai kai ƙwayar dabino ba. Wanzamin ya ɗaga shi yana dariya.

"Soja, ga baƙon da ka ɗauko mana daga ƙasar mutane. Ya ci ya sha bai biya haya ba."

Har maras lafiyar ya yi murmushi. Maƙwabta suka yi ta zuwa barka. Zazzaɓin ya sauka, na yi godiya ga Allah. Amma ramin bai rufe ba. Yakan yi kamar ya warke, sai ya sake tsatsowa, da wani wari da ba na so in tuna.

Bayan an gama kai amfani gida, kira ya zo ta hannun dagaci. Malam ya ce ni zan raka shi birni, tunda ni ce ke karanta rubutun bango. Ni da ban taɓa zama kusa da yaron nan a gaban mutane ba, sai ga ni a bayan a-kori-kura cinyarsa a kan ƙafata, daga Gwaram har Birnin Kudu, inda muka sauya mota. Lokacin kuɗin mai ne. Hanya cike da manyan motocin siminti, ma'aikata kowa da sabon babur. Na ce a raina, ƙasar da ke da wannan ba za ta gaza gyara cinya ɗaya ba.

A barikin soja na birni, tsofaffin sojoji sun cika baranda. Wani kofur mutumin Unguwar Ya, wanda suka yi yaƙi tare, ya hango shi ya taso. Shi nasa ƙarfen a kafaɗa yake, har ana iya taɓa shi ta fata. Da ya ji abin da aka yi, sai dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Ka bari aka cire? Kai fa tun a daji ba ka da wayo. Ni nawa ko matata ba na bari ta matsa shi. Shi ne shaidata, da shi zan shiga kabari." Ya juyo wurina. "Inna, ku yi haƙuri, amma da kun bar masa abinsa."

Na ce, "Yana kashe shi ne, ɗana."

Ya ce, "Su nan sun fi gane mai mutuwa da ƙarfe a jiki."

Aka ɗauki hoton ƙashi, sannan aka shigar da mu wurin likita. Matashi ne, Bahaushe kamar mu, bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya ɗaga hoton ga haske, ya duba cinyar, ya bi tsagar ƙaho da kan alƙalami, ya tsaya a kan ƙunar sakiya.

"Wa ya yi wannan?"

Yaron ya ce wanzami.

"To, ni abin da nake gani aikin wanzami ne. Ba ƙarfe a hoto. Tabon farko ma an ƙone shi. Ƙashin ya kamu, wannan gaskiya ne, amma ba zan iya sa hannu cewa yaƙi ne ya jawo ba."

Na kwance bakin zanena, na fito da guntun ƙarfen da na ƙulle a tsumma, na ajiye a kan tebur. Ya dube shi bai taɓa ba.

"Inna, kowace maƙera akwai irin wannan a ƙasa. Ban ce ƙarya kike yi ba. Ƙa'ida ce, ba ni na yi ta ba."

Yaron ya ce kofur ɗin nan yana waje, shi ne ya ɗauke shi a kafaɗa ranar da abin ya faru. Likitan ya ce ba kotu ba ce nan, hoto suke bi. Ya ba mu shawara mu je asibitin gari da wuri, ya kira na gaba.

Na yi ta juya maganar nan shekara da shekaru. Ba wanda ya ce mana kada a taɓa. Rediyo bai faɗa ba, dagaci bai faɗa ba, ranar da aka sallame shi ba a faɗa ba. Mu abin da muka sani, in ƙaya ta shige ka cire ta ake yi. Sun ɗauki yaro lafiyayye, sun dawo da shi da ƙarfe a jiki, sun bar mu muna jira har ya ruɓe, sannan laifin ya zama namu don mun ji tausayinsa. Da wanzamin ya ji yadda aka yi, bai ƙara shiga gidanmu ba har ya rasu, ko suna ake yi sai dai ya aiko ɗansa. Shi ma an cuce shi.

Muka dawo Birnin Kudu, aka ba shi gado a asibiti. Malam ya sayar da shanun huɗa ya biyo mu. Ma'aikatan sun yi iyakar ƙoƙarinsu, sun wanke, sun kankare, sun yi allurai, amma ciwon ya riga ya ci ƙashin. Wata safiya likita ya kira Malam gefe ya ce ko ƙafar ko ran. Malam ya shigo ya gaya wa yaron. Yaron ya ce a yi.

Bayan aikin aka miƙo wa Malam ƙafar a naɗe cikin farin ƙyalle. Shi da wani dattijo mai gadin asibitin suka kai ta maƙabarta suka binne. Ni ina zaune a bakin gado ina kore masa ƙuda. Da ya farfaɗo ya ce, "Inna, yatsuna na yi mini ƙaiƙayi." Na rasa inda zan sosa.

Kafin a sallame mu na tambayi wata nas zancen ƙafar roba, don na ga wani tsohon soja da ita a bariki. Ta ce waɗancan na waɗanda likitocin soja suka amince da su ne, saura sai dai su saya, kuma ba a nan ake samu ba.

Da muka koma Farin Dutse, Malam ya sari reshen kanya mai baki biyu, ya fere shi daidai tsayin hammatar yaron. Da ya fara dogarawa, kan sandan yana goge masa fata har ta yi jini. Na yagi gefen tsohon zanena na naɗe wurin da kauri, na ɗaure da zare, na jingine a ƙofar ɗakinsa na koma nawa.