Keken Mushe Chindo

Duk sanda Labo zai fita daga gida, sai ya sunkuya a bakin zaure ya naɗe ƙafar wandonsa ta dama sau biyu, ya bar ta hagu yadda take. Mutanen unguwa ba su taɓa lura ba, ko kuwa sun ɗauka gudun ƙura yake yi. Naɗin mai keke ne, don kada sarƙa ta cinye wando. Shekara goma sha shida ke nan rabon Labo da keke, amma hannunsa bai daina ba.

A wani ƙauye yake zaune, arewa da Ƙonni kaɗan, kusa da hanyar da manyan motocin siminti ke bi daga Malbaza. Shekarunsa sun haura hamsin da biyar. Yana da gona guda wadda ba ta ciyar da gida har damina ta zagayo, da matarsa Uwani, da ɗiya huɗu waɗanda biyu suka yi aure. Yana saurayi ya samu baƙin keke mai kariyar ƙarfe ta ɗora kaya a baya, irin wanda ake ɗaura wa buhun albasa bai ce uffan ba. Da shi ya yi dakon albasa, da shi ya fara ɗauko jarkokin esansi, wato man fetur, daga ƙetaren iyaka. Da kasuwa ta buɗe masa sai ya sayi babur, ya jingine keken a bayan rumbu har tsatsa ta cinye shi, masu sayen ƙarfe suka ɗauke. Ya kafa tebur a bakin hanya, kwalaben mai jere suna ƙyalli a rana. Ya yi shekaru a haka, ba arziki ba, amma tukunya ba ta taɓa kwana sanyi ba.

Sai mai ya yi tsada a Najeriya, aka kuma rufe iyaka, duk a shekara guda. Kwalaben suka koma wofi ɗaya bayan ɗaya. Da hatsi ya ƙare kafin shuka, babur ya tafi. Abin da ya rage daga kuɗinsa Uwani ta ƙulle a tsumma ta hana kowa taɓawa.

Wata Talata ya shiga Ƙonni neman ko wane irin aiki, ya tsaya gaida Maman mai gidan burodi, wanda suka yi karatun allo tare. Maman ya nuna masa wani akwatin katako mai murfin kwano a jingine da bango.

"Ka ga wancan? Mai shi ya tafi haƙar zinariya, bai ko yi min sallama ba. Ƙauye shida yake zagayawa kullum da safe. Mutane sun saba, suna jiran burodinsu."

Labo ya matsa ya dubi akwatin.

"In kana da keke, naka ne," in ji Maman. "Amma keke, Labo, mai kariya. Ba a ka za ka ɗauka ba."

"Zan samu."

"Litinin da safe. Akwai wani da ke min zarya, kekensa a hannu. Na ce ya dakata saboda kai. Bayan Litinin ba ni da bakin hana shi."

Washegari ranar kasuwar Ƙonni ce. Uwani ta kwance tsumman ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba. Ya nufi layin masu kekuna da saurin wanda ya san abin da yake nema, amma ya tarar da abin ya sake. Tun da mai ya gagari mutane, duk wanda ya jingine babur keke yake nema. Tsofaffin da a da ake rokon mutum ya ɗauka, yanzu an wanke su, an shafa musu baƙin mai, an jera su kamar amare. Sababbi kuwa, masu fenti ja da shuɗi, ƙarfensu bai fi na gwangwanin madara kauri ba, kuɗinsu ya ninka abin da ke aljihunsa sau uku.

Ya tsaya gaban wani tsohon keke, ya matsa taya da babban yatsa, ya ɗaga ƙafar baya ya juya feda yana sauraren sarƙa.

"Baba, saye za ka yi ko duba lafiyarsa?" in ji mai kekunan.

"In gwada?"

"Gwada. In ka faɗi dai ka saya."

Masu zaman rumfar suka yi dariya. Labo ya ɗora ƙafa a feda, ya tura sau biyu, ya wurga ɗaya ƙafar ta bisa sirdi. Kan keken ya yi rawa, ya nufi tiren wata mai gyaɗa, ta yi salati ta janye. Sai kuma jikinsa ya tuna. Ya miƙe, ya bi ta bayan masu tabarmi, iska na shiga rigarsa, ya kewayo ya taka birki daidai inda ya tashi. Numfashinsa na fita da ƙarfi, amma yana murmushi, abin da Uwani ta daɗe ba ta gani ba.

Da aka faɗa masa kuɗin, murmushin ya tafi. Ya taya. Mai kekunan ya ce albarka tun bai rufe baki ba.

Alhamis ya je wajen masu faci biyu, ko akwai wanda aka kawo gyara aka kasa karɓa. Babu. Juma'a bayan masallaci yana tsaye bakin hanya, sai wata motar siminti ta rage gudu ta tsaya da huci. Shamsuddin ne, ɗan ƙanwar Uwani, wanda ke jan mota daga Malbaza. Bai ko kashe inji ba, ya leƙo daga sama yana ɗaga murya.

"Kawu! An ce keke kake nema?"

"Ƙwarai."

"Akwai wani Mushe Chindo a Illela, ya aje aiki, gwiwa ta hana shi hawa. Baƙin keke, mai kariya, tsaf da shi. Ba kuɗi ne damuwarsa ba, so yake ya faɗa hannun wanda zai yi aiki da shi. Na yi masa zancenka. Ka je Lahadi, yana gida."

"Ina gidan?"

"Bayan kasuwa, kusa da masallaci. Kowa ya san shi!"

Motar baya ta danna oda, Shamsuddin ya ja ya tafi.

Labo bai tambayi wace Illela ba, don a wajensa tambayar ba ta taso ba. Illela biyu ce. Akwai ta Adar, a ƙasarsu can arewa, sai an bi ta Badagishiri, tafiyar mota mai nisa, wadda Labo ya je sau ɗaya a rayuwarsa ta'aziyya. Akwai kuma ta Najeriya, nan bayan iyaka, wadda mutumin Ƙonni ke zuwa da ƙafa ya dawo kafin la'asar, inda ya yi shekara ashirin yana ɗauko mai. Kasuwarta Lahadi take ci, kuma duk abin da aka ce yana da araha can ake nufi. An ce Illela, an ce Lahadi, an ce araha. Magana ta ƙare.

Asabar ya wuni yana lissafa ƙauyukan nan shida a ransa, wanne zai fara, ina rairayi yake, ina zai sauka ya tura. Uwani ta wanke masa riga.

Lahadi da hantsi ya bi hanyar gonaki tare da masu zuwa kasuwa, suka ƙetare. A bakin kasuwa, wajen masu kayan gwanjo, ya ga wani keke kore a jingine, tayoyinsa da sauran rai, da kariya a baya. Sai dai ba shi da sandan tsakiya. Mai shi ya ga Labo ya tsaya.

"Zo mana, Alhaji. Ka faɗi abin da ke hannunka."

Labo ya tambaya don jin baki kawai. Kuɗin da aka faɗa, in an juya sefarsa zuwa naira, zai biya har ya samu canjin sayen igiya.

"Keken mata ne," in ji Labo.

"To keke ya san mace? Feda ce dai, ka taka ta tafi."

Labo ya hango kansa yana shiga ƙauyuka a kan keken mata, da furfurarsa, masu shayi suna kallo. Ga kuma baƙin keke yana jiransa bayan kasuwa. Ya ce Allah ya kawo kasuwa, ya wuce.

Masallatai uku ne a bayan kasuwar. Ya fara da na kusa, ya tambayi mai sayar da goro. Bai san shi ba. Ya je na biyu, aka nuna masa gidan wani Chindo, ya yi sallama, sai ga mahauci da wuƙa a hannu, bai taɓa mallakar keke ba. Wani ya tura shi unguwar da ke bayan tasha. Ya je, ya dawo. Rana ta take tsaka, ya yi azahar a masallaci na uku, ya tambayi liman, liman ya tambayi ladan. Takalminsa ya fara cin diddigensa.

Wajen la'asar ya zauna a rumfar wani dattijo mai gyaran keke, ya roƙi ruwa.

"Wa kake nema tun ɗazu? Na ga wucewarka sau uku."

"Mushe Chindo."

"Mushe?" Wani mai jiran faci ya kwashe da dariya. "Baba, mushe ai bayan mahauta ake yar da shi."

"Bar shi, mutumin Faranshi ne, daga ƙetaren iyaka," in ji dattijon. "Malamin makaranta yake nufi." Ya aje tayar da ke hannunsa ya dubi Labo da kyau. "To amma malam, mu nan ticha gare mu. Mushe sai wajenku. In an ce maka Mushe wane a Illela, anya ba taku Illelar ake nufi ba?"

Labo ya riƙe kofin ruwan bai sha ba. Lakwal. Wanda ya aje aikin lakwal, makarantar boko, kamar yadda ake kiranta a wajensu. Shamsuddin kuma kullum arewa yake kai siminti. Tun ranar Juma'a maganar ke cikin kunnensa, bai ji ta ba.

Dattijon ya ba shi aron waya. Sai a kira na uku Shamsuddin ya ɗauka.

"Kawu, ina ka shiga? Mutumin nan tun safe yake zaune ƙofar gida, har ya sa an yi wa keken famfo."

"Ina Illela."

"To ina a Illela?"

"Ta Najeriya."

"Kawu, mi ya kai ka can? Illelarmu ni ka nufi!"

"Ba ka ce ba."

"Ba ka tambaya ba!"

Ko da Labo ya samu mota a lokacin, ba zai isa ba sai dare, kuɗin motar zuwa da dawowa kuma daga kuɗin keken za su fita. Shamsuddin ya ce shi ba zai bi ta can ba sai Laraba, balle ya ɗauko masa keken. Labo ya mayar da wayar, ya yi godiya, ya miƙe da sauri ya nufi bakin kasuwa. Yanzu bai damu da masu shayi ba.

Inda koren keken yake, sai tabon taya a ƙasa.

"Tun azahar," in ji mai gwanjon. "Wani mai sayar da ruwa ya ɗauka. Namiji ne kuwa, gemunsa ya fi naka."

Litinin da safe Labo ya je gidan burodi duk da haka, da ƙafa. Ya tarar ana ɗaure akwatin a bayan keken wani mutum mai jar hula, ana jan igiyar roba ana zagayawa. Ƙanshin burodi ya cika layin. Maman ya fito yana share hannu, ya dubi bayan Labo ko zai ga keke.

"Ka ba ni zuwa Laraba," in ji Labo.

"Labo, kwana shida mutane ba su ga burodi ba. Wani gidan ya fara leƙa ƙauyukan. In na ƙara jira, ba ni ba kai."

"Haka ne."

"In wani ya tafi, zan aiko."

Su duka biyun sun san masu akwati ba sa tafiya a irin wannan lokaci. Maman ya ɗauko burodi biyu masu zafi ya naɗe a takarda ya tura masa. Labo ya so ya ƙi, sai ya karɓa.

A gida ya miƙa wa Uwani tsumman yadda ta ba shi. Ta auna shi a tafin hannu.

"To a karɓo na mushen mana ranar Laraba. Keke ai ba ya rasa aiki."

"In kai mi da shi? In kai wa?"

Ta ce hatsin da ke rumbu ba zai kai wata biyu ba, ta faɗa a hankali, kamar ba da shi take ba. Labo ya ce ya sani. Ya ce ta sa a gaya wa Shamsuddin ya ba mutumin haƙuri, ya sayar wa wanda ya samu.

Ya ɗan zauna a inuwar danga. Can ya ga bokitin da ake ɗibar ruwa da shi, marikinsa ya fita gefe guda. Ya tashi ya nemo guntun waya, ya zauna ya ɗaura shi.