Taku Ɗari Biyu Gabas da Maƙabarta

Mun tashi da asuba daga Greenbelt ranar Asabar, ni da 'yata da mijinta. Tun kafin mu hau babban titin Beltway na san wannan fita ba ta shan iska ba ce, jarrabawa ce. Wata biyu ke nan da na yi ɓatan kai na awa ɗaya ina dawowa daga Juma'a, don an rufe ƙofar tashar jirgin ƙasan da na saba fita ta ciki. Tun ranar 'yata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta hana ni fita ni kaɗai. Ni da na shekara talatin ina awon filaye, na keta Agadas da Khartoum ba ɗan jagora.

Abin da ta shirya wasa ne na mutanen nan. Wani ya ɓoye akwati a daji, ana binsa zango-zango da waya, kowane zango ya nuna maka na gaba. Ta ce yana motsa ƙwaƙwalwa. Na gane ƙwaƙwalwar wa ake nufi.

Mun tsaya a Gaithersburg shan shayi. Dala huɗu kofi ɗaya, ruwan zafi da jakar ganye tana iyo a ciki. Mai shayin tashar Maraɗi da ya gani sai ya ce a ba shi wuri. Ƙosan da muka taho da shi ne ya fid da mu kunya.

Dajin yana arewa da garin, tsohuwar gonar Turawan farko ce da aka mayar wurin yawo. Zangon farko ɗakin gungumen itace ne, ƙofarsa gajera kamar ta rumbu, muka ƙirga tagoginsa, adadinsu ya nuna mana zango na gaba. Na biyu kangon injin niƙa ne a bakin rafi. Mutanen nan ko tubali uku suka gada sai sun kafa masa allo, mu kuwa ganuwa guda muna kallo ana ɗibarta ana yin bulo.

Zango na uku maƙabartar iyalin gonar ce. Can gefe akwai duwatsu marasa rubutu, allo ya ce na bayinsu ne. Na daɗe a tsaye a nan. Takardar da muka samu a gindin shinge ta ce a yi taku ɗari biyu gabas. Sama ta yi lumshi, ba rana, kibiyar da ke nuna gabas a waya kuma sai juyi take a ƙarƙashin itatuwa.

Surukina injiniya ne, ya dubi kaburburan ya ce abu mai sauƙi. Kabari kudu da arewa yake kwanciya, mamaci na kallon gabas, saboda haka gabas tana hannun dama.

Na ce, "Wannan kwanciyar Kano ce. Kiristocin zamanin da, kai yamma, ƙafa gabas. Haka na gani a Habasha, haka a ƙauyukan Faransa. Gabas tana inda ƙafafunsu suka miƙe."

Ya sunkuyar da kai, suruki ba ya musu. 'Yata ce ta karɓe.

"Baba, can ɗin gangare ne, ga laka. Ka zauna a bencin nan mu dawo."

"Benci na masu jiran bas ne."

"Idan ka faɗi fa?"

"Ai da nas na zo."

Suka bi dama, tana waiwaye. Na dogara sandata na bi ƙafafun matattu. Ba zan ɓoye muku ba, a taku na saba'in gwiwata ta fara magana, kuma zuciyata ta ce in fa yaran ne da gaskiya, ka rufe wa kanka ƙofa har abada. Na ci gaba da ƙirga da Larabci, don da shi na koyi awo. A ɗari da casa'in da shida na ga kututture mai rami, an jera masa ɓawo jerin da iska ba ta yi. Akwatin na ciki, da ɗan littafin da masu samu ke sa hannu. Na rubuta da ajami cewa tsoho ya iso da ƙafarsa. Sannan na zauna a kan kututturen na ci ragowar ƙosai.

Sun iso bayan minti ashirin, ƙaya ta yage wa surukina wando. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya ƙara girma, Baba." Ita kuwa ta tsuguna tana latsa gwiwata.

Sai a mota, wajen Wheaton, ta ce, "Sa'a ce dai, Baba."

Na ce ranar Juma'a zan sake gwada sa'ar, ni kaɗai. Sai da muka wuce danja biyu ta amsa.

"To, ka riƙa barin wayarka a kunne."

Mun iso gida da la'asar, takalma duk laka. Abin da na ƙaru da shi, wanda ya ɗauko gabas ɗin garinsu ya kafa a ƙasar wasu zai sha ƙaya, ko shekarunsa nawa. Gwiwar ta kumbura kwana biyu, ban faɗa wa kowa ba. Juma'a na je, na dawo, har na biya na sayo goro.