Kura Ta Haɗiye Ganyenta

A gidanmu na Birni, cikin Damagaram, in an kwashe tuwo ba a kashe wutar murhu, sai a bar wa Kaka Falmata. Ita ta haifi babanmu, 'yar ƙaramar tsohuwa ce jinin Barebari, bakinta ya fi aska. Mu kewaye ta, ta binne gyaɗa a toka, ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa, wa zai shimfiɗa mata tabarma?" Mu ce, "Ta shigo ta sha ruwa." To, tatsuniya ta fara ke nan.

Wadda ba na mantawa ita ce ta jajibirin tafiyar Baba zuwa Kano da fatu. Lokacin Nasara bai daɗe da zama ƙasar ba, ya kuma kafa doka: farken da ya kasa nuna takardar izini a hanya, a sauke kayansa, shi kuma a tura shi fasa dutse. Baba ya sha rana a ƙofar kumandan kafin ya samu tasa. Mu kuwa takarda mai daraja hanya ɗaya muka sani ta adana ta, a kai wa baduku ya ɗinke ta cikin fata, a rataya kamar laya. Abokin tafiyarsa Malam Gambo har ya ɗinke tasa, Baba ma da safe zai kai.

Kaka ta hango matsala, amma ba za ta faɗa masa kai tsaye ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa. Sai ta bari ya zo jin ɗumi, ta jawo shuɗiyar takardar nan mai kauri da ake naɗo kan sukari, tana ninkewa tana ba mu labari.

Wai an yi fari, ruwa ya rage a tafkin Gidimuni kaɗai. Zaki ya ba kowace dabba ganye mai sawun ƙafarsa, ya sa gauraka gadi, duk wanda bai nuna ganye ba, ba shi ba ruwa. Bushiya ta dunƙule da nata a ƙirji, in ta iso ta warware, ta nuna, ta sha. Kura kuwa ta ce ita ba a yi mata sata, ta haɗiye nata ta shafa ciki. Ta iso bakin tafki harshe a waje, gauraka ya ce, "Ina ganye?" Kaka ta shaƙe murya irin ta kura: "Yana nan lafiya lau, ranka ya daɗe." "Mu gani." "Sai dai ku jira gobe da safe."

Muka yi ta birgima don dariya. Kaka ta zungure ni. "Kai mijina, wa ya fi kura iya ajiya?" Na ce babu. "Wa ya kwana da ƙishirwa?" Sai ta ɗaga murya: "Ina jin har masu gemu suna saurare."

Kafin nan ta gama ninki. Ta shigar da gefe biyu, ta naɗo ƙasa ya zama aljihu, ta soke leɓen sama a ciki, ba zare ba ƙaro. Ta goga mata kakin zuma saboda gumi, ta miƙo mini. "Kai wa mutumin can." Baba ya juya ta, ya murmusa, ya zura takardarsa.

Da suka dawo muka ji sauran. A shingen hanya, Baba ya buɗe, ya nuna, ya wuce. Malam Gambo kuwa gardin Nasara mai tsaron shingen ya sa a farke layarsa, wuƙa ta raba hatimin takardar gida biyu, ya kwana biyu yana fasa dutse kafin roƙo ya fid da shi. Ya zo gaida Kaka da kan sukari guda, ya ce, "Iya, sukarin naki ne, takardar nake so." Har ya tsufa yara na kiransa Kura a ɓoye.

Na daɗe ina ɗauka darasin na takarda ne kawai. Sai da autana ya samu aikin koyarwa a Yamai, na hau kawo dalilai don ya zauna kusa da ni, domin ina sonsa, ina kuma tsoro. Ina cikin magana na ji muryar kurar Kaka a bakina. Na nemo takarda mai kauri, na ninke masa aljihun takardunsa yadda ta yi. Ya duba ya ce, "Baba, ai wannan za ta buɗe."

Na ce, "Don haka aka yi ta. Allah ya kiyaye hanya."